Dummi Bakwai a Littafin Kawu

5 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarka da ta daɗe ba ta leƙo gida ba. Ina fata kana lafiya kai da Iya, kuma gwiwar nan da ke hana ka sakat ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zaman ofis ya sa na fara ƙiba, har zoben da Iya ta ba ni ya ƙi fita daga yatsana.

Na zaɓi takarda ne don na san kai da waya ba kwa ga maciji. Duk kiran da na yi maka, ni ina ta zuba, kai kana ta “Iye? Iye?” har mu gaji mu ajiye. Direban motar hayar da ke bi ta wajenku duk mako biyu ya yarda zai riƙa kai mana saƙo yana dawo da amsa.

Kawu, alfarma nake nema. A cibiyar binciken kifi inda nake aiki an raba mana koguna, kowa zai gano irin kifayen da suka rage a nasa da waɗanda ke neman ƙarewa. Ni an ba ni dangin dummi, da aka ce in zaɓi kogi kuwa, ban yi wata-wata ba na ce namu. Da abin da muka rubuta hukuma za ta san kogin da za ta sa wa kariya da wanda za ta ƙyale.

Ƙa'idar aikin ita ce in riƙa zuwa bakin ruwa duk wata ina duba abin da masunta suka kamo. To ka san hanyarmu, yini guda cur a mota, ga aiki ya yi mini katutu a nan. Sai na ce, ni da nake da Kawu, wanda ya san dummi fiye da duk littattafan da ke ofishinmu, me zai sa in wahala?

Ga littafi nan da biro uku. Kullum ka dawo daga su, ka rubuta kwanan wata, da irin dummin da ka kama, da yawansu, da wurin da ka same su. Ranar da ba ka samu ba, ka rubuta “babu”, ita ma amsa ce. Shekara guda za a yi. Zan shigo da kaina da zarar na samu sarari.

Ka gaishe mini da Iya ƙwarai.

'Yarka.

21 ga Afrilu

Uwata,

Sunan mahaifiyata kika ci, don haka ko shugabar duniya kika zama, da Uwata zan kira ki har in koma ga Allah. Takardarki ta iso, mun gode. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, in hadari zai taso ita ke fara sanar da ni. Iyarki ta ce maganar zobe ki sa sabulu, in ya ƙi ki rage ci.

Ashe har yanzu ana tunawa da tsoho. Na sa tabarau na karanta takardar sau biyu, na kai majalisarmu ta gindin bishiya na karanta musu wurin da kika ce na fi littattafan ofishinku. Mai gyaran kwalekwale ya ce lallai littattafan naku ƙanana ne.

Dummi kike tambaya? Ai a gabanki na sha jera su a kan tabarma, lokacin da kike 'yar mitsitsiya kina bina bakin ruwa da kwano a ka. Mahaifina ya koya mini iri bakwai. Akwai farin dummi mai son yashi, akwai baƙin dummi mai kwana a ƙarƙashin dutse, akwai dorawa mai ɓawo kamar an shafa masa zinariya. Sauran huɗun ban san abin da masu boko ke kiransu ba, zan rubuta miki da sunan da mahaifina ya sa musu. Sarkinsu shi ne mai jan leɓe. Shi ba ya cin ƙugiya, dutse yake lasa, kuma ba ya zuba ƙwai sai a tsakanin duwatsu in ruwan farko ya sauko ja wur. Kin tuna ranar da kika sa masa yatsa a baki ya tsotse, kika kwarma ihu wai ya cinye ki?

Kin tambayi kogi. Kogi yana nan yana tafiyarsa. Iyarki dai ta rage aikin banda, hayaƙi na damun idonta. Ni ma na ɗan taɓa noman albasa a bakin ruwa, don motsa jiki kawai.

Tambaya ɗaya gare ni. Waɗannan mutanen naku, in suka ga kogi ya yi rauni, laifin wa suke gani? Na masunta? Ba don komai na tambaya ba, mutane ne ke son sani.

Littafi kuwa ki kwantar da hankalinki. Ba zan ba ki kunya ba.

Kawunki.

12 ga Yuni, bayan shekara guda

Kawuna na kaina,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda aka fitar kunya. Yaya jiki, yaya Iya da idon nata? Na san shekara ta zagayo har ta wuce ban tako gida ba. Ban da abin cewa, sai dai ka yi haƙuri.

Littafi ya iso tun watan jiya, Direba ya miƙo mini shi a naɗe cikin leda uku kamar jariri. Kawu, ka cire mini kitse a wuta! Shugabar sashenmu, wadda muke kira Farfesa, mace ce da ba a cika jin yabo a bakinta ba. Ta zauna da littafin nan awa biyu ba ta ɗago kai ba. Da ta gama ta ce, “Shekara ashirin ina wannan aiki ban ga bayanai masu tsabta irin waɗannan ba. Kowane kifi ya zo a watansa, ya koma a watansa.” Sauran abokan aikina da ƙyar suka samu iri biyu ko uku a kogunansu. Namu bakwai cif, har da mai jan leɓe, wanda ake zaton ya ɓace a ko'ina.

An buga rahoton da sunana a kai, kuma ana maganar ƙarin girma. Na sa maka kwafi a cikin ambulan ɗin nan, ka nuna wa mai gyaran kwalekwale ya ga ko littattafan namu ƙanana ne.

Wani ɗan labari kuma. Akwai kamfanin da ya daɗe yana neman izinin fasa duwatsun sama, wajen da ruwa ke matsewa, don aikin hanya. An tsayar da shi ne ana jiran rahotonmu, saboda tsoron kada nan kaɗai ne dummi ke zuba ƙwai. Da yake littafinka ya nuna suna hayayyafa a wurare biyar daban-daban, hukuma ta ce kogin ba ya buƙatar kariya, asarar wuri ɗaya ba za ta yi illa ba. Injuna za su shigo in damina ta ɗauke. Za ku ɗan sha ƙara, amma za ku samu hanya mai kyau, wataƙila ma in daina kukan nisa.

Ka rubuto mini da wuri, ina so in ji abin da majalisa ta ce.

'Yarka mai godiya.

14 ga Agusta

Kawu,

Ina fata lafiya. Na tambayi Direba ya ce ya gan ka da idonsa kana yayyafa wa albasa taki, don haka na san ba ciwo ne ya hana ka rubutu ba. Sau huɗu yana dawowa hannu sake. Na ƙarshen ma ya ce da ya tambaye ka ko da saƙo, juya masa baya ka yi.

Na daɗe ina tunanin laifin da na yi, kuma na gano shi. Ka karanta shafi na biyu na rahoton, ko? Inda aka rubuta cewa “an tattara bayanan ne da taimakon wani masunci na yankin”. Ni na rubuta wannan layin da hannuna. Wani masunci! Mutumin da ya ɗauke ni ina shekara huɗu bayan rasuwar ƙanwarsa, ya goya ni a kwalekwale, ya sa ni makaranta.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Ba nisan hanya ne ya hana ni zuwa ba, kuma ba aiki ba ne. Ofis na da mota, har sau biyu Farfesa ta ce mu tafi tare ta ga kogin, ina kawo mata dalilai. A nan ba wanda ya san a gidan masunta na tashi. Ka tuna lokacin da na shiga makarantar kwana, yara suka riƙa toshe hanci in na buɗe akwatina? Iya ta wanke kayan nan sau uku, amma warin banda ya riga ya kama su. Tun daga lokacin nake gudun wannan warin. Na riƙa ganin Farfesa zaune a tsakar gidanmu, kusa da ɗakin banda, tana ɗaga hanci a hankali don kada in lura. Abin da na kasa jurewa ke nan. Shekara biyar rabona da gida, kuma wannan ne dalilin.

Ina rubutun nan ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka zage ni in kana so, ya fi mini wannan shirun.

'Yarka, in har yanzu ka yarda.

27 ga Agusta

Uwata,

Muna lafiya. Iyarki na gaishe ki, ita ce ma ta ajiye mini biro a gaba ta ce ba za ta ba ni abinci ba sai na rubuta wannan takarda.

Shafi na biyu da kike magana ban kai gare shi ba. A takardarki ta watan Yuni na tsaya, daidai inda kika ce injuna za su shigo. Na karanta, na naɗe, na sa a ƙarƙashin katifa, wata biyu ina kwana a kanta. Ba fushi nake da ke ba. Ido ne ba ni da shi na kallonki, ko da ta takarda ce.

Uwata, abin da ke cikin littafin nan ƙarya ne. Daga shafin farko har na ƙarshe.

Ranar farko na fita da birgi, ragar nan tawa ta jefawa, tun da sassafe, na dawo da azahar da 'yan ƙananan karfasa shida, dummi ko ɗaya babu. Na buɗe littafi zan rubuta “babu” kamar yadda kika ce. Na fahimci maganarki sarai, ba zan laɓe a bayan rashin ilimi ba. Hannuna ne ya ƙi. Mu masunta ba ma faɗin cewa mun dawo haka nan. Ko kwando wayam ne, rufe shi muke da ganye mu ɗora a ka, mu wuce ana yi mana barka. Balle a ce in rubuta da hannuna, 'yata ta kai wa manyan mutane su karanta cewa kawunta, wanda ya fi littattafansu, ya yini a ruwa bai kama komai ba.

Sai na rufe ido na tuna abin da ni da mahaifina muke kamawa a irin wannan rana, shekara arba'in da suka wuce. Shi na rubuta. Washegari ma haka. Da tafiya ta yi tafiya har na daina fita, sai in zauna a inuwa bayan la'asar in shiga kogin da na sani a cikin kaina. Wallahi daɗinsa nake ji. Shi ya sa shugabarki ta ga kowane kifi ya zo a watansa. Ai haka suke zuwa, a da.

Ga gaskiyar yau. Farin dummi da baƙi ana samunsu jefi-jefi. Dorawa na yi shekara uku ban gan shi ba. Mai jan leɓe na ƙarshe da na riƙe a hannuna, kina jami'a. Wurare biyar ɗin da na lissafa, huɗu yashi ya binne su tuntuni, har shanu ke kwanciya a kan biyu. Duwatsun sama kaɗai suka rage. In aka fasa su, ɗan abin da ya saura ba shi da inda zai zuba ƙwai.

Saura mafi muni. Kin tuna na tambaye ki laifin wa mutanenku ke gani? Shekarun baya, da kifi ya fara ja baya, asibiti suka raba gidan sauro. Ni ne na fara haɗa guda shida na ɗinke, na tare bakin matsatsin nan na duwatsun sama a daidai ruwan farko, lokacin da dummi ke hawa da ciki cike da ƙwai. Gidan sauro ba ya barin komai, uwa da ɗa duk kwashewa yake. Mahaifina ko ƙugiya ba ya jefawa a wurin nan sai ruwa ya washe. Na sani, na yi. Shekarar farko Iyarki ta yi banda har itace ya ƙare mata. Da sauran suka gani, kowa ya ɗinka nasa. Damina huɗu muka yi muna haka, ta biyar muka tare ba abin da ya hau.

Maganar hayaƙi da idon Iyarki ma ƙarya ce, idonta garau yake. Babu abin bandar ne. Albasar da na ce ta motsa jiki ce, ita ke riƙe da gidan nan.

Na ce ba zan ba ki kunya ba, ga shi na ba ki wadda ta fi kowacce, kuma da sunanki a kai. Ban san yadda ake gyara irin wannan a wajenku ba. In akwai wanda za a kama, ki ce musu ni ne.

Batun wari kuwa, na karanta. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin yi wa wani faɗa.

Kawunki.

10 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ku, kai da Iya. Jikina lafiya, zuciya ce dai sai a hankali.

Takardarka ta same ni a ofis. Na karanta a tsaye. Ba zan yi maka ƙarya ba, kwana biyu na yi ina jin haushinka, har na rubuta maka wata takarda mai zafi. Da na sake karanta ta, sai na ga duk abin da na zarge ka da shi ya fi dacewa da ni, na yage ta. Na kuma yi tunanin in yi shiru. Wa zai sani? Injuna su fasa duwatsu, kifi ya ƙare, a ce kamfani ne ya kashe kogi. Kwana guda cur wannan tunanin yana tare da ni, kuma ina jin kunyar faɗa maka cewa ya yi mini daɗi.

Ranar Litinin na shiga ofishin Farfesa da takardarka a hannu. Na ajiye mata a tebur. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau.

“Wane ne ya rubuto wannan?”

Na ce, “Masuncin ne.”

“Na ga haka. Mene ne shi a wajenki?”

Na ce, “Kawuna ne. Shi ya rene ni. A gidansa na tashi.”

“Sau nawa kika je bakin ruwan nan a shekarar?”

Na ce, “Ko sau ɗaya.”

Sannan ta ce, “Ƙaryar kawunki ba ta dame ni kamar taki ba. Shi ya rubuta abin da ya taɓa gani. Ke kin sa hannu a kan abin da ba ki taɓa gani ba.”

An janye rahoton. Maganar ƙarin girma ta mutu, an ba ni takardar gargaɗi, kuma ni da bakina na tsaya gaban abokan aikina na faɗi abin da ya faru. Waɗanda na riƙa yi wa dariya don iri biyu suka samo suna zaune a gaba.

Littafin naka kuwa Farfesa ta hana a jefar. Ta sa an canza masa shekara a bango. Ta ce ba su da wata shaida ta yadda kogin yake shekara arba'in baya sai shi, kuma da shi za a auna abin da aka rasa.

Amma duwatsun ba su tsira ba tukuna. Hukuma ta ce ba za ta soke izini don mun canza magana ba, kamfani ma ya ce jiya mun ce fari yau mun ce baƙi. Abin da aka yarda shi ne wakilai uku za su zo ranar takwas ga Oktoba su yi kwana uku a bakin ruwa. Suna son abu biyu. Su ga 'ya'yan dummi a duwatsun sama da idonsu, su kuma ji daga bakin wanda ya rubuta littafin, a gaban sauran masunta, cewa ba gaskiya ba ne, da dalilin da ya sa kifin ya ƙare. Har da gidan sauron, Kawu. In ba a samu waɗannan biyun ba, injuna za su shiga a ƙarshen watan.

Na san abin da nake roƙonka. Mutanen da ka yi shekara sittin kana zama da su ne. In ka ce ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba.

Farfesa ta ce ba za ta sauka a masauki ba, a gidanmu za ta kwana. Na ce mata to. Na gaya mata ɗakunan ƙanana ne, kuma gidan masunta ne, akwai wari. Ta ce ita ma kifi take aiki.

'Yarka.

24 ga Satumba

Uwata,

Muna lafiya, gwiwa ma ta ɗan sake ni. Iyarki ta fara fitar da katifu rana tun yanzu, ta sa ni gyaran ƙofar bayi da na yi shekara biyu ina ce mata gobe.

Ban jira wakilanku ba. Na ga in har zan sha kunyar nan, gara in sha ta a gaban nawa tukuna kafin baƙi. Shekaranjiya na je gindin bishiya, wurin da na taɓa karanta musu cewa na fi littattafai, na faɗa musu komai a tsaye. Wasu sun ji haushi, sun ce zan tona musu asiri a hana su shiga ruwa. Ɗaya ya ce, “Kai ka koya mana, yanzu kuma kai za ka kai mu ƙara?” Na ce, “Ni na koya muku, shi ya sa zan fara da sunana.” Da aka watse, mai gyaran kwalekwale ya zo wajena. Ya riƙe mini hannu ya ce, “Shekara nawa kana wucewa ta gabana da kwando a rufe da ganye, kana zaton ban san iska ce a ciki ba? Nawa ma haka yake.” Ya ce zai tsaya kusa da ni ranar. Mutum biyu sun daina amsa gaisuwata, ban ga laifinsu ba.

Jiya na tafi duwatsun sama ni kaɗai, ba birgi, ba ƙugiya, sai ƙwarya. Na yi rabin yini ina ɗaga duwatsu a bakin gaɓa, gwiwa na zagina. Na samu 'ya'yan baƙin dummi goma sha ɗaya, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Can wajen la'asar, a wani lungu da ruwa ke juyawa, na ɗebo wasu guda biyu. Na sa tabarau na kai ƙwaryar wajen haske. Uwata, leɓensu ja ne. Na zauna a kan dutse na yi abin da ban yi ba tun ranar da muka binne mahaifiyarki. Sannan na mayar da su daidai inda na ɗebo su, na yi wa wurin alama.

Ban san ko biyu za su ishi wakilanku ba. Su ke nan na gani, su na rubuta. Na sayi sabon littafi a kanti, shafi biyu ke ciki yanzu. Na jiya yana da goma sha uku. Na yau, da na koma ban samu komai ba, na rubuta “babu”. Wannan karon ya rubutu.

Ki zo da shugabarki, ɗakinki yana nan. Batun warin da kika yi shekara biyar kina gudu kuwa, ki kwantar da hankalinki. Da na karanta takardarki na shiga ɗakin bandar Iyarki na tsaya na ja numfashi. Na shinshina katifa, na shinshina rigata. Babu shi, sai na albasa. Ya daɗe da barin gidan nan, ya bi kifin. Baƙuwarki ba abin da za ta ji.

Ni kuwa yanzu, a duk sallar da na yi, roƙon Allah nake Ya dawo mana da warin nan.

Kawunki, wani masunci na yankin.